Kwamfaresar Usaina

Na gaya wa Hauwa'u, jikata mai riƙe da biro, ta rubuta wannan kamar yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya. Ni ban taɓa zama aji ba, amma ina da ido, kuma abin da na gani a bazarar da ubanku ya faɗi bai goge ba. Wasunku kuna ƙanana lokacin, wasu kuna gidajen aurenku, labarin ya iso muku a gutsure. To ga shi ɗungurungum.

Shekara ta biyu ce da mayar da Gusau babban birnin jiha, muna gidanmu na Tudun Wada. Malam ya fito daga masallaci da la'asar, ya kai hannu zai ɗauki takalmi, sai ya kife. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kwana bakwai muka yi a asibiti, sannan likita ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai an kai shi babban asibiti a Zariya an duba kansa. Ya kafa mana sharaɗi biyu: a kwance za a kai shi, kuma kada zafi ya taɓa shi, don duk lokacin da rana ta take sai numfashinsa ya riƙa sarƙewa, idanu su juye. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, irin wadda ruwan randa ke yin ɗumi tun da hantsi, ga wahalar man fetur, motar asibiti ba ta samuwa. Muka dawo da shi gida ranar Asabar, muka kwantar da shi a ɗakin da ke jikin zaure, ni da 'yan mata muna karɓa-karɓa da mafici da jiƙaƙƙen zane.

Mota kam muna da ita, ita ce wadda duk unguwa ke kira tahi-da-gidanka. Malam ya yi shekaru yana tuƙa Turawa masu haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, da za su koma ƙasarsu suka bar masa motar da suke kwana a ciki. Akwai gado a bayanta, da ɗan famfo, da wurin ɗora tukunya. Sai dai tagoginta na baya ƙanana ne, ba sa buɗewa sai kamar faɗin tafin hannu, don an yi ta ne a zauna da esi, na'urar sanyaya iska. In esin ba ya aiki, tanda ce mai taya huɗu. Injin lafiya lau, Malam ba ya barin mako ya wuce bai tashe ta ba, amma esin ya shekara da mutuwa, kullum yana cewa sai bayan damina.

Ranar Lahadi yayanku, ɗana na fari, wanda ya samu aiki a sabuwar sakatariya, ya kira Bala mai gyaran esi. Bala abokin Malam ne tun suna samari, mutum mai surutu da furfura a gemu. Ya buɗe inji, ya kwance wani dunƙulen ƙarfe kamar tulun yara, ya ajiye a ƙofar zaure. Ina tsaye bayan ƙyaure ina ji.

"Wanga shi aka kira kwamfaresa," in ji Bala. "Shi ka tura gas cikin tiyo har sanyi ya hito. Ya ƙame, ko jaki anka ɗaura mai ba ya juya shi. Sai dai wani."

"To a nemo wani yau," in ji yayanku.

"Yau Lahadi, Malam Kabiru. Masu shagon suna coci suna roƙa muna ciniki."

Litinin da hantsi Bala ya dawo da guda biyu. Ɗaya sabo fil a kwali, daga wani shago a cikin gari. Ɗayan na hannu ne, wani ɗan'uwansa ya ciro daga motar da ta yi haɗari a Tsafe, ya aiko da shi a motar haya. Na Tsafen an wanke shi da fetur yana ƙyalli, ƙafafunsa sun yi daidai da mazaunin namu. Bala ya ce irin gas ɗinmu yake sha, tsohon gas. Sabon kuwa na sabon gas ne da aka fara shigowa da shi, mansa ma daban, ƙafafunsa ba su hau mazaunin ba sai an kai wa mai walda. Ya ce kuma in ragowar tsohon mai ya haɗu da sabo a cikin tiyo, sai su cure, kuma tsofaffin tiyo irin namu ba su cika riƙe sabon gas ba.

Da na ji an ambaci mai sai na yafa mayafi na fito. Shekara talatin ina soya gyaɗa ina matse tunkuza, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na aurar da 'ya'ya biyar. Lambobin da ke jikin kwali ban san su ba, amma mai bai taɓa yi mini ƙarya ba. Maza suka bi ni da kallo don ba su saba ganina a zaure ba. Na miƙa wa Bala farar tasa, na ce ya karkata na Tsafen ya tsiyayo mini abin da ke cikinsa.

"Inna, ba a toya ƙosai da shi fa," in ji Bala.

"Zuba, Bala. Bakinka ya hi hannunka aiki."

Ya zuba. Man ya fito baƙi-baƙi. Na shinshina, ƙauri. Na murza a tsakanin yatsu, sai na ji tsaki-tsaki kamar gyaɗar da aka niƙa da yashi. Na karkata tasar a rana, ga ƙananan abubuwa suna walƙiya. Na ce wannan ya ci kansa daga ciki, wanka kawai aka yi masa. Bala ya karɓi tasar ya duba, ya daina dariya, ya tura na Tsafen gefe da ƙafa. Yayanku ya ji daɗi, ya ce shi ke nan magana ta ƙare, a ɗaura sabon, a yi waldar yau, gobe Talata da sassafe mu kama hanya. Na tambayi Bala ko sabon zai kai mu Zariya. Ya sosa ƙeya.

"Sanyi kam zai yi yau, har ki nemi bargo. Amma ni ban ɗaukar maki alkawalin Funtuwa. Zai iya kaiwa, zai iya tsayawa. Ban taɓa haɗa sabo da tiyo masu shekarun wagga mota ba."

Ƙofar ɗakin Malam a buɗe take, duk yana jin mu. Tun faɗuwarsa kalmomin da suka rage masa ba su fi a ƙirga da yatsu ba: ruwa, a'a, Allah. Sai muka ji ya ɗaga murya da wata sabuwa.

"Usaina."

Ya sake faɗa, ya sake, yana buga gefen gado da hannun hagu. Kun san ubanku ɗan tagwaye ne, shi ne babba, kuma 'yar tagwayensa Usaina ta rasu tun kafin a kawo ni gidan. Gwaggonku Tabawa, yayarsa, tana zaune a bakin gadon. Ta dafe ƙirji ta fasa salati.

"Ta zo ɗaukatai! Wanda ya hwara kiran na lahira ai ya gama da mu. Ku kira liman!"

Nan da nan gida ya rikice, mata suka fara kuka, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Yayanku ya fito daga ɗakin idanunsa jawur, ya ce wa Bala ya yi sauri, ko yau ma in an gama a tafi. Ni ma gabana ya faɗi. Amma na tsaya ina kallon Malam, don na shekara arba'in ina karanta fuskar nan. Mai ganin matattu sama yake kallo. Shi kuwa ƙofa yake kallo, wajen da kwalin yake, kuma ransa a ɓace yake, irin ɓacin ran da yake yi in yaro ya ɗauko masa sifana ba wadda ya aika ba. Na lura kuma in an yi shiru shi ma sai ya yi shiru, da Bala ya taɓa kwalin sai ya sake bugun gado.

Sai abin ya faɗo mini. Motocin Turawan nan biyu ne, iri ɗaya, rana ɗaya aka kawo su, leburori suka raɗa musu sunan tagwaye. Tamu ita ce babbar. Sunanta ya ɗauko sunan Malam, don haka bakina bai taɓa faɗarsa ba, "motar nan" nake cewa, shi ya sa ku ba ku tashi da jin sa ba. Hauwa'u, ke rubuta, Hassana. Ƙaramar kuwa, Usaina, giyarta ta lalace a Rawayya, ta ƙasar Bungudu, a shekarar ƙarshe ta aikin, aka bar wa maigadinsu Malam Dikko ita a inda ta tsaya. Na durƙusa kusa da kunnen Malam na ce, ta Rawayya? Ya lumshe ido, ya saki dogon numfashi, hannun ya kwanta.

Na fita zaure na faɗa musu. Bala ya buga cinya ya ce wallahi haka ne, ya manta da ita, kuma in ba a taɓa buɗe tiyonta ba, kwamfaresarta na nan kamar yadda aka bar ta, ta hau mazauninmu ba walda, ta sha gas ɗinmu. Yayanku ya ce ba zai yiwu ba. Ya yi magana a hankali, don yaro ne mai ladabi.

"Inna, motar da ta shekara nawa kaji na kwana a kanta? A je Rawayya, a kwance, a dawo, a ɗaura, kwana biyu ke nan. Likita ya ce a gaggauta. Ga sabo a hannu. In an je an tarar ta ruɓe fa?"

"In sabon ya tsaya muna tsakiyar daji da azahar fa? Ka buɗe wace taga?"

"Bala bai ce zai tsaya ba."

"Bai ce zai kai ba."

"Inna, Baba ba ya cikin hankalinsa."

Wannan ita ce ta tunzura ni. Kun san ɗan fari ba a kiran sunansa, tun da na haife shi ban taɓa ba, ko a ɗaki mu biyu. Ranar na kira, a gaban Bala da maƙwabta da abokan aikinsa biyu da suka zo dubiya. Na ce masa mutumin da ke kwance ya san motar nan kamar yadda na san tukunyata, ya faɗi abin da yake so, kuma muddin ina numfashi ba za a ɗaura kwalin nan ba. Ya dube ni kamar na mare shi. Ya sunkuyar da kai ya shige gida. Daga wannan sa'a bai ƙara ce mini uffan ba.

Talata da sassafe ni da Bala muka fita. Motocin haya duk suna layin mai, sai da rana ta ɗaga muka samu wata akori-kura mai ɗaukar taki. Ina zaune a gaba, hannuna cikin mayafi ina jan carbi, ina lissafin ko an jiƙa masa zane, ko 'yan matan sun gaji da fifita. Muka isa Rawayya muka tarar da Usaina a ƙarƙashin wata tsamiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, an cika cikinta da damman gero, ƙofa da kwaɗo. Murfin injin irin motar nan daga ciki ake buɗe shi. Malam Dikko kuwa ya tafi Bungudu gaisuwar rasuwa da makullin a aljihu. Bala ya ce a fasa kwaɗon, matar gidan ta ce rumbun mijinta ne, ba ta da wannan iko, kuma gaskiyarta. Aka tura mai babur. Na zauna a gindin tsamiyar nan daga hantsi har la'asar, an kawo fura na kasa sha, ina kallon inuwa tana matsawa. Ban taɓa jin tsawon yini irin wannan ba. Duk kukan kurciya sai in ji kamar daga gidana ake kururuwa.

Malam Dikko ya iso yana haki, ya ce don Malam ko motar duka a ɗauka. Aka kwashe gero, Bala ya shiga da sifanu. Da ya sassauta tiyon farko sai muka ji ɗan huci, fuuu, ya leƙo yana washe baki, ya ce gas ne, har yau a rufe take. Ya fito da kwamfaresar duk ƙura da kashin ɓera, ya juya kanta da hannu ta juya sumul, ya toshe bakinta da babban yatsa ta ture yatsan. Na miƙa tasata. Man ya fito garau kamar na matsar farko, ba ƙauri, ba tsaki. Na naɗe ta a zanen goyo na rungume ta a cinya har Gusau.

Muka iso ana kiran magariba. Tun daga bakin layi na ga takalma sun yi yawa a ƙofar gida. Ashe da azahar, lokacin da nake zaune gindin tsamiya, abin ya sake bugun Malam. Ya sandare, ya yi kamar ya tafi, sai da aka kira wani malamin asibiti na unguwa ya yi masa allura. Rai na nan, ido na gani, amma bakin ya rufe gaba ɗaya. Ruwan ma da yake iya cewa ya tafi. Gwaggonku Tabawa ta tare ni a tsakar gida.

"Kin tahi biɗar ƙarhe kin bar mutum. Ga ƙarhenki nan, ki ba shi ya yi maki magana."

Na wuce ta. Na shiga na nuna masa abin da ke cikin zanen. Ya kalla, ya kalle ni. Ban san abin da kallon ke cewa ba, ni da nake taƙamar karanta fuskarsa.

Laraba Bala ya wuni yana wanke tiyo, ya ɗaura, ya ɗura gas. Da la'asar ya tashi mota, ya ce in sa hannu a ramin iska. Sanyi ya fito. Alhamis muka ɗauko Malam a tabarma muka shimfiɗa a gadon baya. Ba mu fita da wuri ba, sai da aka cika jarkoki biyu da man bumburutu. Bala ke tuƙi, yayanku a gefensa, ni a baya na riƙe hannun da ke motsi.

Muna wuce Tsafe kaɗan muka tarar da wata babbar mota ta faɗi ta gindaya hanya, buhunan masara a warwatse, motoci sun yi layi gaba da baya, ba gaba ba komawa. Rana ta take. Ta 'yar tagar nan ina ganin mutane sun fito daga motocin haya suna neman inuwar ƙaya, wata mata tana zuba wa jaririnta ruwa a ka. Bala bai kashe inji ba. Ina jin kwamfaresar tana kamawa, ƙat, ta yi ta aiki, ta saki, kuma duk sakin da za ta yi sai zuciyata ta tsaya har sai ta sake kamawa. Abin da ya shekara da shekaru a kwance, yau an ce ya yi aikin da ko sabo zai ji a jikinsa. Na ce a raina, in ta tsaya a nan, ni na kashe shi, ba wanda zan raba laifin da shi. Bala ya fita ya juye jarka ɗaya, ya dawo yana cewa allurar zafin inji ta fara hawa, ya yayyafa wa gaban motar ruwa. Ban san awa nawa muka yi ba, na dai san an yi azahar a gefen titi ba mu motsa ba. Numfashin Malam bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Can sai na ga yayanku ya waiwayo, ya daɗe yana kallon ubansa, sannan ya yi maganarsa ta farko gare ni tun Litinin.

"Inna, ki rufa masa ƙafa. Sanyi ya yi masa yawa."

Na cire mayafina na rufa masa.

Muka shiga Zariya bayan la'asar. Aka ɗauke shi a gadon turawa, wani likita mai gilashi ya duba takardar Gusau, ya duba idanunsa, ya tambayi yaushe na biyun ya same shi. Yayanku ya ce shekaranjiya. Likitan ya ƙirga kwanakin da ke jikin takardar, ya ɗago kai.

"Tun Asabar aka sallame ku. Me kuka tsaya yi? Wa ya ce ku jira?"

Bala ya dubi ƙasa. Yayanku ya buɗe baki, na san kansa zai ɗora wa, don haka halinsa yake. Na riga shi.

"Ni ce, likita. Ni na tsai da su."

Na tambaye shi ko da mun zo Talata bakin zai tsira. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Na so ya faɗi ɗaya, ko wacce ce, ya ƙi.

Ubanku ya yi shekara ɗaya da wata bakwai bayan nan. Ya zauna, ya ci da hannun hagu, ya ga auren 'yar'uwarku Saratu, ya ɗauki jikoki uku a cinya. Bai sake furta kalma ba har ya koma ga Ubangijinsa. Wasunku sun daina gaida Bala har ya rasu, wai shi ya kai ni Rawayya. Bai kai ni ba, ni na ja shi. Ku nemi 'ya'yansa ku gaishe su. Yayanku kuma kada wanda ya ƙara cewa ya yi sakaci ya bar mace ta juya shi. Ya faɗi gaskiyarsa a gaban mutane, uwarsa ce ta take ta, kuma har gobe ban san ko shi ne mai daidai ba. Abin da na sani, mutumin ya roƙi abu ɗaya da kalmar ƙarshe da ta rage masa, na ji, na yi, na kai shi da ransa. Kwana biyun nan kuwa nawa ne. Za a tambaye ni su, amma ba ku ne masu tambayar ba.